Hoton Duhu a Gida Kawai

Ana gab da magariba mai hoton ƙashi ya kulle ɗakin aikinsa a asibiti, ya biya gidan ƙanwarsa ya ɗauko 'yarsa, suka kama hanyar bayan gari. Shekarar yarinyar shida. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Mamana yake kiran ta. Tana ta zuba a kujerar baya, shi kuwa "uhm" kawai yake bin ta da shi. Wata biyar ke nan da rasuwar uwarta, kuma tun ranar bai yi kuka ba, bai yi dariya ba. Ko yarinyar ta faɗo jikinsa, ji yake kamar an jingina masa buhu.

Kayan matar tasa ne a but ɗin mota. Malamar kimiyya ce, Allah ya jarabce ta da son taurari. Wata huɗu cur ta yi tana zaɓen kyamarar ɗaukar hotonsu, yau mai launi, gobe baƙi-da-fari, har ya gaji da ji. Da kaya suka iso sai ga wani jan gwangwani, ba maɓalli, ba allo, sai 'yar fanka a gindi. Ya ce mata kuɗin firji ta zuba a gwangwanin madara. Ta ce ai firjin ne. Zafi ke cika hoto da ƙuraje, sai an sauke cikinta digiri goma ƙasa da sifili take ganin abin da ido bai isa ba.

Wani gungun taurari Malama take ɗauka, minti biyar-biyar, dare bayan dare, tana tarawa a kwamfuta. Awa talatin take so. Tana da ashirin da shida ciwo ya kwantar da ita. Ta riga ta yi wa Mamana alkawarin za a manna hoton a bangon ɗakinta, yarinyar kuwa ba ta san mantuwa ba. Abin da ya fito da shi ke nan. Shi dai ba abin da yake so.

Inda suka tsaya tsohon filin fasa dutse ne, ba fitila ko ɗaya. Ya kafa madubin hangen nesa yadda littafin Malama ya ce, ya ɗaura gwangwanin a bayansa, ya ja waya zuwa kwamfuta. Bayan isha'i barci ya kwashe Mamana a mota. Ya lulluɓe ta, ya sauke gilas kaɗan.

Gyare na kuka. Fanka na shuuu. A allon kwamfuta, sanyi ya tsaya a goma ƙasa da sifili, injin sanyaya yana aiki da rabin ƙarfinsa.

Awa ɗaya ya samu, sai gajimare ya rufe sama ruf. Ya ce to, bari ya rage aiki da hoton duhu. Ba wani abu ba ne: a rufe bakin madubin da murfi, kyamara ta ɗauki baƙi zalla, don a gane ƙurajenta a cire su daga hoton taurari. Da ya ɗauko murfin ya ga takarda manne, da rubutun Malama: "Hoton duhu a gida kawai."

Ya tuna wani dare da ta dawo da wuri, ta ƙi cin abinci, ta kwana da fitila a kunne. Bai tambaye ta ba a lokacin. Yanzu ma bai tsaya dogon tunani ba. Kyamara ta riga ta yi sanyi, me za a jira? Ya rufe, ya danna.

Hoto na farko baƙi ne da ɗigo-ɗigo.

Na biyu ya zo da wani fari-fari a kusurwa.

Na uku bai buƙaci a gaya masa ba. Shekara goma sha tara yana kallon irinsa. Haƙarƙari ne. Ya ƙirga saboda sabo, ya samu goma sha bakwai a gefe ɗaya, alhali na mutum sha biyu ne.

Ya juya ya duba murfin. Yana rufe.

Gyare ya yi shiru.

Fanka ta tsaya. Injin sanyaya ya koma sifili, amma lambar sanyi tana ta ƙara sauka ƙasa da sifili. Sha huɗu. Ashirin da biyu. Talatin.

Wani wari ya taso, irin na tsohuwar rijiya.

Sai taku a kan tsakuwa. Ƙafa ɗaya a dire, ɗaya a ja. Ya zo bayansa ya tsaya. Ya ji ana shinshinar ƙeyarsa, a hankali, har cikin kunne.

Ya jira tsoro ya zo. Wallahi bai zo ba. Zaune kawai yake, hannu a gwiwa.

Abin ya shinshina kafaɗarsa, ya shinshina ƙirjinsa, ya yi huci, kamar akuyar da ta tarar da kwano wayam. Ya wuce.

Nan ya gane. Ɗumi yake nema, bai samu a jikinsa ba.

Takun ya nufi mota.

Gilas ya fara yin fari daga sama zuwa ƙasa.

"Baba." Da ƙyar muryar ta fito. "Wani ya riƙe min hannu."

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Waya ta sarƙe masa ƙafa, ya fizge, kwamfuta ta daki dutse ta tarwatse da awa ashirin da shidan Malama a ciki. Ko waiwaye bai yi ba. Ya damƙi marfin mota, sanyi ya manne masa a fata, ya ja da ƙarfi.

Hannunta na hagu a miƙe yake sama, ta kafar gilas. Ba kowa a wajen. Amma ana jan ta.

Ya rungume ta a ƙirji, yana a'uziyya da ƙarfi, muryarsa na karyewa. Yanzu tsoro ya zo, ya zo gaba ɗaya, zuciyarsa kamar ta faso waje.

Numfashin abin ya juyo kansa.

Ya fizgo ta. Aka saki.

Da ita a cinya ya tuƙa, but a buɗe, bai tuna da fitila ba sai da taya ta hau kwalta.

Bai koma ɗauko kayan ba. Hannun Mamana na hagu kuwa har yau bai ƙara ɗumi ba. Likitoci sun duba, shi da kansa ya ɗauki hotonsa sau biyu, ƙashi lafiya ƙalau. Kullum in za ta kwanta sai ya sa hannun tsakanin tafukansa yana murzawa har ta yi barci.

A dare na huɗu ta kalli bangon ɗakinta ta tambaye shi ina hoton Umma. Ya buɗe baki zai ce ya fashe. Kukan da ya ƙi zuwa wata biyar ya ƙwace masa.

Ta kalle shi. Sai ta taɓa kumatunsa da hannun dama, ta miƙo na hagun.

"Baba, hawayenka da zafi. Ɗiga min a nan."