Gahawar Da Baba Ya Ajiye

"Ba ma ba matar aure tallafin haya, 'yar uwa."

"Matar aure?! Ga takardar sakina a gabanki!"

Ma'aikaciyar ofishin tallafi na birnin Zarƙa ta juyo min da kwamfutarta. "Mijinki Mu'ayyad ya yi kome saura kwana biyu iddarki ta cika. Ba a gaya miki ba?"

Shekara takwas ina koyarwa, katin albashina na aljihunsa, ko burodi na saya sai na kawo rasit. Ya ci bashin banki da sunana, har yau a albashina ake yanka. Na samu na kuɓuta da 'yata Lujain, ashe mugun yana zaune yana ƙirga min kwanaki.

"Don Allah ki duba... ranar Alhamis mai gida zai fitar mana da kaya!"

"Sai kotu ta raba ku. Mahaifinki ma ya sa hannu a shaida."

Ban san yadda na isa gidanmu ba. Baba na tsakar gida yana ba itacen lemonsa ruwa.

"Baba, kai ka mayar da ni?"

"Suhair, ya zo yana kuka. Ya ce ba ya iya rayuwa babu ke..."

"Babu albashina dai! Ka san ranar da Lujain ta yi zazzaɓi sai da na durƙusa masa kan dinari uku? Ya ce in jiƙa mata tsumma!"

"Ba ki taɓa faɗa min ba."

"Kullum na buɗe baki sai ka ce haƙuri!"

Ruwa ya cika gindin lemon har ya malalo kan takalminsa, bai motsa ba. Ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, fanshonsa ko maganinsa ba ya isa.

Can ya ce, "Ɗauko min alkyabbata."

Baba mutum ne mai girman kai, ko gishiri bai taɓa roƙa a maƙwabta ba. Shi ne yau a falon Abu Samir, mai gidan da nake haya, ni ina gefensa. Aka zuba masa gahawa. Ya karɓa, ya ajiye a ƙasa bai kurɓa ba.

A wurinmu baƙo ba ya ajiye gahawa sai da buƙata, kuma abin kunya ne ta huce a gaban mai gida.

"Haba Abu Khaldun! Sha mana," Abu Samir ya ce wa Baba.

"Ba zan sha ba. Ni na cuci 'yata da hannuna. Ka bar ta a ɗakin nan har kotu ta raba su. In ba ta biya ba, ni za ka kama."

"Wata biyu fa nake binta, ni ma ina da iyali..."

Baba ya kafa wa kofin ido. Tururin gahawar na ta raguwa, ni kuwa kamar raina ne ke fita.

Abu Samir ya ja dogon numfashi. "Sha gahawarka. Ka samu abin da ka zo nema."

Hannun Baba ya kasa ɗaga kofin. Na durƙusa na tallafa masa, hawayena na zuba a kan yatsunsa.

"Ki yafe min, hasken idona..."

"Sha, Baba," na ce ina kuka. "Sha kafin ta huce."