Kwalbar da Ba Ta da Kumfa

A gaban kwamitin majalisa aka buɗe kwalbar, aka gwada ruwan, ya fito tas kamar na famfo. Alhali ruwan kogin da masana'antar jima ke zuba wa gubarta ya kamata a gani, shi ne hujjar da za a kafa doka a kanta. Shugaban kwamiti ya ce da yamma za a kaɗa ƙuri'a, da hujja ko babu. Aka kira Sufeton 'yan sanda ya binciki wanda ya canza ruwan.

Tun a mota ogansa ya buga masa waya ya ce ya taka a hankali, manya ne. Sufeto ya ce to, ransa a ɓace, don a bakin kogin nan mahaifiyarsa take zaune, kuma ta ƙi tashi.

Ɗakin ajiyar ba taga, sai firji da kujerun da suka karye. Kwalabe biyu masu duhu Farfesa, masanin da kwamiti ya gayyato, ya ajiye a nan da safe, ƙofa kuwa ba a kulle ta. Sufeto ya ɗaga ta biyun da ba a buɗe ba, ya kifa ta saitin fitila, ya daɗe yana kallo. Da aka gwada, ita ma ruwan famfo ce.

Ya fara da wakilin masana'anta, wanda ake kira Sulɓi, mutumin da ya san sunan 'ya'yan kowane ɗan majalisa.

"Ina kake da safe?"

"Ofishin shugaba, muna shan shayi. Ranka ya daɗe, ni aikina gaisuwa ce kawai."

Masinjoji suka tabbatar bai motsa ba. Sai Hajiya Lasifika, jagorar masu zanga-zanga, wadda ba ta san raɗa ba.

"Ni? Ko ƙofar gida ba a bari na wuce ba! Ɗan nan, kama ɓarawon, ga shi can yana murmushi!"

Gaskiyarta, masu gadi sun tsare ta a waje tun asuba.

Sufeto ya tara su biyun da Farfesa a gaban famfo, ya miƙa wa kowa kwalba ya ce ya cika. Hajiya ta cika zuwa wuya ta dangwarar. Sulɓi ya tsaya a rabi, yana tsoron jiƙa agogo. Farfesa kuwa hankalinsa na wani wuri, hannunsa ya yi abin da ya saba: ya ɗauraye, ya karkata kwalbar, ya cika maƙil har ta tumbatsa, ya rufe, ya kifa ta yana duba kumfa.

Sufeto ya sallami biyun, ya tura ƙofa.

"Farfesa, kwalbar da na kifa ɗazu ko ɗigon iska babu a cikinta. Ɓarawo mai sauri ba ya cika kwalba haka. Sai wanda ya shekara yana yi wa ɗalibai faɗa a kan kumfa."

Farfesa ya zauna a kan karyayyar kujera, ya cire tabarau.

"Masu masana'antar ne suka gina mana ɗakin gwaji. Su ke ɗaukar nauyin ɗalibaina."

"Sulɓi ne ya ce ka canza?"

"Bai ce ba. Ya dai zo gaishe ni, ya tambayi lafiyar ɗaliban ɗaya bayan ɗaya, da sunansu."

Sufeto ya ji tausayinsa, ya kuma ji kamar ya shaƙe shi. Ba kotun da za ta ɗaure mutum don ya yi gaisuwa.

"Ruwan gaskiyan fa?"

"Na zubar."

"In an tafasa shi, ana iya sha?"

Farfesa ya girgiza kai. "Tafasawa ma ƙara masa ƙarfi take."

Suna fitowa aka ji tafi daga zaure, doka ta faɗi. Sulɓi ya wuce su, har da rusunawa. Sufeto ya saka Farfesa a mota, ya tsaya a gefe ya kira mahaifiyarsa.

"Inna, don Allah ki daina shan ruwan nan."

"To in sha wane, ɗan nan? Kwantar da hankalinka, ai muna tafasawa."