Jan Furen Kan Tudu

Rana ta yi ja, gari ya yi tsit, Mama tana tsugune a tsakar gida tana ba furenta ruwa, sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon ɗaki. Wata ta biyo baya, ta gangaro har gaban ƙafarta. Fara ce sol, irin wadda aka shimfiɗa a hanyoyin gandun shaƙatawa na gwamnati, inda suka je yawo watan jiya.

Tun aurensu, wannan ce fita ta farko da mijinta makanike ya yi da ita. Sun zaga lambuna, sun hau tudu suna haki, 'yarsu Auta tana gaba tana yi musu dariya. Can sama, nesa da inda ma'aikata suke shuka, suka tarar da wani jan fure shi kaɗai tsakanin duwatsu. Baban Auta ya zaro wuƙa ya yanko reshe, ya miƙa mata yana kallon gefe. Ta dasa shi a tsohon bokiti, ya kuwa kama.

Daga wannan yammacin, kullum rana ta faɗi sai jifa. Bayan jifa sai kukan mace, ƙasa-ƙasa, daga wajen bokitin. Auta ta daina cin abinci, ta koma zama gaban furen tana tona ƙasa da farce.

"A tuge abin nan," in ji Baban Auta.

"Taɓa shi ka gani!" Mama ta miƙe. "Abu ɗaya tak ka taɓa ba ni wanda ba tukunya ba, shi ma za ka ƙwace?"

Kafin ta rufe baki Auta ta yanke jiki ta faɗi.

Malamin da aka ɗauko tsoho ne, ba ya gaggawa. Ya zauna kusa da kan yarinyar ya fara karatu a hankali. Da karatu ya yi nisa, idanun Auta suka buɗe, wata murya ta fito daga bakinta, tsohuwa, a shaƙe da fushi.

"Ɓarayi!"

"Wace ce ke?" Malam ya tambaya. "Me yarinya ta yi miki?"

"Mijina ne kwance a ƙarƙashin furen kan tudun can. Ni na shuka shi, da tafin hannuna nake kai masa ruwa daga rafi. Lambu cike da furanni bai ishe su ba, sai nawa! Tun da aka yanke shi yake bushewa. Sun ɗauki nawa, na ɗauki tasu."

Tsoron Mama ya gushe, zuciya ta ɗebe ta. "To ki kama ni mana! Ga ni, ga wanda ya yanka. 'Yar da ko ganye ba ta tsinka ba za ki azabtar?"

"A ba ni hannun da ya yanka."

Baban Auta ya ɓoye hannunsa a baya.

"Hannu ba naki ba ne," in ji Malam, ya ƙara ɗaga murya da karatu har aljanar ta yi ƙara. "Haƙƙinki za a mayar miki, ba ƙari. An ɓata miki shuka, za a gyara."

Muryar ta yi sanyi. "Wanda ya yanka ya mayar da reshen da ƙafarsa. Ya riƙa hawowa duk mako da ruwa, har uwar shukar ta sake fure."

Duk suka juya suka dubi Mama. Ta dubi bokitin, ta dubi 'yarta a ƙasa. Ta je ta ɗauko shi da kanta ta dire a bakin ƙofa, hawayen takaici na zubo mata.

"Ɗauki abinki. Sakar mini 'yata."

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Washegari da hantsi Baban Auta ya saɓa bokiti, ya ɗauki jarkar ruwa. A bakin ƙofa ya tarar da Mama ta riga ta ɗaure takalmi, fuska a murtuke.

"Ina kuma za ki? Ni aka ce."

"Shekara da shekaru ina roƙo ka fita da ni, sai da aljana ta sa baki. Miƙo jarkar nan, mu je. Kuma ka bar wuƙar a gida."