Sanyin da Ya Shigo da Sallama

Tun da guguwa ta katse wutar Gaithersburg, Rumasa'u ta mayar da mahaifinta cikin motarsu mai ɗakin kwana. Baba yana fama da asma, zafi shaƙe shi yake yi, shi ya sa ta haɗa iyakwandishan da batura da inbata mai jawo wuta daga cikinsu. Bayan magariba cajin ya fara ja baya, inbata tana ta tsuwa. Ta duba, ta zauna, ta sake miƙewa.

Sai aka yi sallama. Wata tsohuwa ce a lulluɓe, tana ƙanshin man shanu.

"'Yar nan, a sam mini sanyi mana."

Rumasa'u ta rusuna. "Bismillah, Iya."

Tsohuwar ta zauna a bakin gadon Baba. Nan da nan gilasan motar suka yi raɓa, Baba ya daina haki. Rumasa'u ta yi hamdala, ta leƙa inbata. Fitilarta a mace, iyakwandishan shiru. Daga wajen gadon sanyin yake tasowa.

Baba ya buɗe ido, ya yi murmushi kamar yaro.

"Inna, ke aka aiko?"

Innarsa kuwa tana maƙabartar Zariya tun kafin a haifi Rumasa'u.