Bugu Saba'in a Minti

A hawa na arba'in na cibiyar bincike ta Sabuwar Funtuwa, injin da Dokta Tasalla ke kira Masaƙa yana ta bugawa kamar zuciya, sau saba'in a minti, ba ƙari ba ragi. A cikinsa take rainon ƙwayoyin halitta na asali da ta samo daga fatar hannun Innarta. Ta lallaɓa su wata shida har suka zama 'yan runguma, wato ƙwayoyin da ke nannaɗe siraran jijiyoyin jini, su matse ko su saki. Irinsu ciwon suga ya cinye a idon Inna, ta shekara tara ba ta gani.

Aka dasa su a idon Inna. Kafin sati biyu Inna ta ga buta, ta ga tabarma, har ta soma kushe ɗaurin ɗankwalin jikokinta. Sai dai jifa-jifa duhu kan rufe ta ɗif, can kuma ya washe.

Abin ya ɗaure wa Tasalla kai, ita kuwa mace ce da tambaya ke hana ta cin abinci. Ta sa wa Inna awarwaro mai auna bugun zuciya, ta bi sawunsa kwana bakwai. Ashe kuskurenta ne. 'Yan rungumar ba su san wani bugu ba sai saba'in. Da zuciya ta haura casa'in sai su firgita, su shaƙe jijiyar. Ta raine su cikin natsuwar da ba ɗan Adam mai ita.

To me ke tayar da zuciyar tsohuwa? Ba hawan bene ba ne, ba ƙarar motocin sama ba. Tasalla ta jera lokutan, ta duba, ta sake dubawa. Duk daidai shigar ita Tasallar ɗakin Inna ne.

Ita ce 'yar fari. Saboda kunya Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa kallonta ido da ido ba. Shekara hamsin Tasalla na zaton ba a damu da ita ba, kuma abin na ci mata rai.

Ta je ta durƙusa gabanta. "Inna, me kike gani yanzu?"

"Kai, yarinyar nan da tambaya!" Inna ta laluba ta kama hannunta. "Na ga kowa, har akuyar maƙwabta. Saura mutum ɗaya."

"Zan raini wasu, Inna. Wata shida ne."

"Wa ya ba ni wata shida? Gobe ki ari mayafin wata, ki tsaya bakin ƙofa, kada ki yi sallama. Wataƙila in ban san ke ce ba, in gan ki."