Gidan Tsakiya

Ranar da ya fara zuwa layinsu, Auta ce ta buɗe masa ƙofa. Dogon saurayi ne, da katin aiki a wuya da fayil a hammata. Ya ce daga ofishin ƙididdiga na ƙaramar hukuma yake, duk shekara suna bin gidaje suna tambayar abin da ke shigowa, don a san ko jama'a gaba suke yi ko baya.

"To Malam Tambaya, Baba ba ya son 'yan haraji," ta ce.

"Ni ba na karɓa, rubutawa kawai nake yi."

"Haka duk suke cewa."

Ya yi dariya har biro ya suɓuce masa. Ita ma ta daɗe a bakin ƙofa fiye da yadda saƙon yake buƙata.

Baba kafinta ne, mutum mai ji da kansa. Ya fito ya faɗi wani adadi mai tsoka, wanda rabonsa da shi tun kafin kujerun roba su cika kasuwa. Malam Tambaya ya rubuta. Da shekara ta zagayo ya dawo, Baba ya ƙara wani abu a kai. Kafin nan kuwa lambar Auta ta riga ta shiga wayarsa, wai don aiki. Wani dare ya turo mata saƙo:

"Sanyin idona, yau gida talatin na shiga, ba wanda ya yi min tsiwa. Na yi kewar ƙofarku."

"Sai ka rubuta a fayil," ta mayar masa, tana murmushi ita kaɗai.

A shekara ta uku ya nemi izinin turo magabatansa. Baba ya ce sam.

"Mutumin da ya san cikin aljihuna ba zai zama surukina ba. Ga ɗan gwaggonki mai shagon waya, bai taɓa tambayata ko sisi ba."

Auta ta san abin da ke cin Baba. Suruki shiga gida yake yi, zai ga zarto a rataye, ya gane shekara uku ƙarya ake sharara masa. Tana son Malam Tambaya, tana tausayin mahaifinta, ta rasa inda za ta sa kanta.

Gidansu shi ne na tsakiya a jerin gidaje uku, kowa a layin gidan tsakiya yake ce masa. Wata Laraba da hantsi sai ga saƙo daga Malam Tambaya a wayarta:

"Oga, na gama lissafi. Gidan tsakiya ya sake yin ƙasa, shekara uku ke nan a jere. Gara a fito a faɗa wa jama'a."

Ta karanta sau huɗu. Ta share ɗakin da ta riga ta share, ta ɗora ruwa ta manta da shi. Ya kira sau tara ba ta ɗauka ba. Daga baya ta rubuta masa:

"Ashe tallanmu kake yi a ofis. Kada ka sake kirana."

Baba ya tarar da ita tana kuka, ya karɓi wayar ya karanta, ya ajiye ta ya fita.

Washegari Malam Tambaya ya same shi a shago. Auta ta kawo shayi, ta tsaya daga bakin ƙofa, ita ba ta shiga ba, ba ta kuma tafi ba. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya roƙi aron ƙusa bakwai. Ya jera su a kan benci daga gajeruwa zuwa doguwa.

"Baba, haka muke jera gidajen ƙaramar hukumar nan gaba ɗaya, daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba. Kun ga ta huɗun nan? Uku na ƙasa da ita, uku na sama. Ita muke kira gidan tsakiya. Ba gidanku ba ne, ba kuma na kowa ba. Ogana na yi niyyar tura wa saƙon, yatsana ne ya saba da lambar Auta."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Baba ya ɗauki ƙusar yana juyawa. "Nawa gidan tsakiyar naku ke samu bana?"

Ya faɗa masa.

"Rabin mutanen nan ba su kai haka ba?"

"Rabi cif, Baba."

Baba ya ajiye ƙusar. Abin da yake samu a gaskiya ya ɗan ɗara hakan.

"Shekara uku ina zaton ni kaɗai na gaza," ya ce. "Buɗe fayil ɗin nan. Goge abin da na faɗa maka."

Ya rage murya ya faɗi gaskiya. Malam Tambaya ya rubuta.

"To. Yanzu ka san abin da ko uwar yarinyar nan ba ta sani ba. Ko dai ka zama ɗana, ko in tashi daga unguwar nan. Ni kuwa ba ni da kuɗin tashi."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba da hannunsa ya haɗa musu gado da kujeru, bai yarda roba ta shiga ɗakin ba. Da za a tafi da amarya ya dafa kansu su biyu.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya, Ya rufa muku asiri. Kai kuma, baɗi a turo min wani, na gama amsa tambayoyinka."