Tuwon Inna da Sikelin Humaira

Ranar Asabar da hantsi Humaira ta jawo sikeli daga ƙarƙashin gado, ta goge shi da gefen zaninta, ta ajiye a tsakiyar falo.

"Abban Yasmin, bismillah. Yau wata biyu cif."

Mijinta Fakhruddeen ya fito yana dariya, ya cire hula ya miƙa mata. "Riƙe min, kar ta ƙara min nauyi."

Ya hau, suka sunkuya tare suna duba lambar. Kilo ɗari da goma sha ɗaya da rabi. Ranar da likita ta auna shi, ɗari da goma sha biyu ne.

"Rabin kilo," in ji Humaira a sanyaye. "A wata biyu?"

"Ƙila sikelin ne ya samu matsala," ya ce, bai yarda sun haɗa ido ba.

Shekara shida ke nan da aurensu, suna zaune a Gwallameji da 'yarsu Yasmin. Shagon yadudduka yake da shi a Gwallaga, inda yake wuni a kan kujera, ga lemon kwalba a gefe. Da ciwon kai ya matsa masa suka je asibiti, Dokta Lilian ta ce jininsa ya hau, sugansa ma ya kusa iyaka, dole ya rage ƙiba. Tun daga ranar Humaira ta rage mai a miya, ta rage malmalar tuwo, ta cika faranti da zogale, wake da kifi. Abin da ta ba shi, shi take ci, don kar ya ji an ware shi. Kullum bayan sallar asuba su fita tattaki, su yi minti arba'in, yana haki yana yi mata barkwanci.

Da yamma ta je ɗauko takalmin Yasmin a mota. Tana buɗe but ɗin motar ta ga wata babbar kula da ta sani sarai, ta gidan surukarta ce. Ta buɗe, ƙamshin man shanu ya bugi hancinta. Ta ɗauko ta kawo falo ta ajiye a gabansa.

Fakhruddeen ya sosa ƙeya. "Humaira, kin san gidan Inna yana bayan shago. Kullum da azahar sai ta aiko... tuwon shinkafa ne kawai, da 'yar fura. Ni kuma na ga ai muna tattaki, duk zai narke."

"Kullum?"

"Ban da Juma'a. Ran Juma'a masa ce."

Ta so ta yi dariya, sai ga hawaye. "Ni ba kyan gani nake nema maka ba. A haka na gan ka, a haka na so ka. Mahaifina yana cikin alwala ya faɗi, shekara huɗu muna juya shi a kan gado. Ba na son Yasmin ta ga abin da na gani."

Jikinsa ya yi sanyi. Ya riƙo hannunta ya yi alkawari, washegari kuma da aka kawo kular ya ce a mayar, ya ƙoshi.

Wannan ne ya tayar da ƙura. Inna Habibatu Bafulatana ce, mace mai kunya da kawaici, ko sunan Fakhruddeen ba ta faɗa saboda ɗan fari ne. Amma ranar da aka mayar mata da tuwo karo na uku, keke ta hau har Gwallameji. Humaira ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa. Inna ba ta taɓa kofin ba.

"Me kika dafa yau?"

"Faten wake da alayyahu, Inna."

"Alayyahu. Ɗan nawa akuya ne? Shi da bakinsa ya ce min abincin gidan nan ba ya riƙe masa ciki. Mutum Allah ya rufa masa asiri, ya yi jiki, ke kina so ki mayar da shi kamar kara, a ce a gari ya karye ko wata cuta ce ta kama shi. Yanzu har kin hana shi cin tuwona. To ki ji, ko ki dafa masa abincin mutane, ko ki je gidanku ki huta, ni in ci gaba da ciyar da abina."

Humaira ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Amsa tana bakinta, amma ta haɗiye. "Ki yi haƙuri, Inna," kawai ta ce.

Ana haka Fakhruddeen ya yi sallama. Tun daga ƙofa ya ji ƙarshen maganar. Ya zo ya durƙusa kusa da matarsa.

"Inna, laifina ne. Ni na ce ba na ƙoshi, don ki ci gaba da aiko min, kwaɗayi ne kawai. Kuma na ɓoye miki cewa ina da hawan jini, don kar hankalinki ya tashi. Yarinyar nan wata biyu rabonta da soyayyen abu saboda ni."

Inna ta dube shi, ta dubi Humaira. "Hawan jini? Sai na ji daga bakin likitar."

Ranar Talata su uku suka shiga ofishin Dokta Lilian. Ta gaishe da Inna da ladabi, ta auna jinin a gabanta, ta nuna mata lambar.

"Mama, tattakin da yake yi yana da amfani sosai. Yana ƙarfafa zuciya, yana taimaka wa jini da suga, kuma in ƙibar ta sauka, shi zai hana ta dawowa. Amma kwano ɗaya na fura da suga da man shanu yana iya cinye tafiyar awa guda. Rage ƙiba daga faranti yake farawa. Ba yunwa zai zauna da ita ba, awo ne kawai."

"Amma mahaifinsa, Modibbo, har ya koma ga Allah fura da man shanu yake sha," in ji Inna, "ko tumbi bai ajiye ba."

"Wane aiki yake yi, Mama?"

Inna ta ce, kamar da kanta take magana, "Tun asuba yake bin shanu daga ƙauyenmu Miri, sai magariba. Kuma furarsa ba suga." Ta juya ta dubi ɗanta daga sama har ƙasa. "Wannan kuwa daga kujerar mota sai kujerar shago."

Dokta Lilian ta ƙunshe dariya. Fakhruddeen ya sadda kai.

A hanyar komawa Inna ta ƙi zama a gaba, ta shiga baya kusa da Humaira. Sun kusa Gwallaga ta kamo hannunta.

"'Yata, na zalunce ki. Ni tunda na haife shi, in ban ga ya cinye kwano ba hankalina ba ya kwanciya. Ban san wata hanyar ba."

"Ba komai, Inna. Ai duk abu ɗaya muke so."

Inna ba ta daina aiko da abinci ba, don hana ta aikowa kamar hana ta numfashi ne. Sai dai kular ta koma ƙarama. Malmala ɗaya, miyar kuka ko kuɓewa ba mai da yawa, nono ba suga. Ta sa ana kawo mata rama da zogale daga Miri, tana yin kwaɗon da har Yasmin ke rigima a kansa. Ranar da ta aiko, Humaira sai ta sauƙaƙa abincin dare. Masa kuwa aka yanke mata hukunci, guda uku ran Juma'a, Inna da kanta take ƙirgawa.

Ba a dare ɗaya abin ya zo ba. Akwai watan da sikeli ya tsaya cak, akwai bikin da Fakhruddeen ya ci ya wuce misali ya dawo yana ba da haƙuri. Amma bayan wata takwas ya sauka zuwa kilo casa'in da tara, ciwon kan ya tafi, likita ta rage masa magani. Ranar, Inna ce wadda ya fara kira a waya.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Ba ni 'yata." Da Humaira ta karɓa, Inna ta daɗe tana sa mata albarka.

Da Humaira ta mayar da magana ranar da aka ce ta tafi gidansu, da ƙila ta yi nasarar musu, ta rasa uwa. Haƙurinta ne ya ba gaskiya lokacin fitowa. Kuma so ba cika wa mutum kwano ba ne kaɗai, wani lokaci wanda ya fi ƙaunarka shi ne wanda ya rage maka, ya zauna ya ci ragin tare da kai.